Ƙurajen sun warke, zafin bai tafi ba: a ina ciwon ya ɓuya?

Wata baiwar Allah ta rubuto daga Bajoga game da mahaifinta, manomi mai shekara 68. Ya kwana uku yana kukan ciwo a haƙarƙarinsa na dama, aka ce olsa ce. Sai ga ƙuraje masu ruwa sun feso masa a jere, daga gadon baya zuwa tsakiyar ƙirji, a gefe ɗaya kawai. A gida aka ce fitsarin gizo ne, wasu kuma suka ce in ya zagayo ya haɗe to sai dai addu'a. Ƙurajen sun bushe wata huɗu ke nan, amma Baba ko riga ba ya iya sa wa saboda raɗaɗi. Wani ma'aikacin lafiya ya gaya mata ƙarambau ɗin da ya yi yana yaro ne ya ɓuya a ƙullin jijiya. Tana tambaya: mene ne ƙullin jijiya, ta yaya ciwo zai kwanta a jiki shekara sittin, kuma me ya sa zafin ya ƙi tafiya bayan fata ta warke?

Malama, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ma'aikacin lafiyar nan ya gaya miki gaskiya, wannan ciwon ne ake kira shingles da Turanci. Abin da kuka gani a fata reshe ne, saiwar tana can ciki kusa da ƙashin baya, kuma in kin gane wannan, sauran tambayoyinki duk za su warware.

A Hausa kalmar jijiya ta haɗa abubuwa da yawa, har da hanyar jini. Wadda nake magana a kanta ita ce jijiyar ji, wadda ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi da taɓawa. Daga lakar da ke cikin ƙashin baya, jijiyoyi 31 ne ke fitowa ta dama, 31 ta hagu. Dab da inda kusan kowacce ta fito akwai wani ɗan ƙulli da bai wuce ƙwayar wake ba. A cikinsa dubban ƙwayoyin jijiya, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da jijiya ta ginu da su, suka cure wuri ɗaya. Shi ne likitoci ke kira gangiliyan. Kowace ƙwaya a cikin ƙullin tana da hannu biyu: gajere ya shiga laka, dogo kuma ya miƙe har fata. Wanda ke zuwa babban yatsan ƙafa tsawonsa ya kai wajen mita ɗaya, amma uwar ƙwayar tana zaune can a ƙugu.

Kowane ƙulli da unguwarsa. A gangar jiki, yankin fatar da yake kula da shi siriri ne kamar ɗamara, ya faro daga tsakiyar baya ya tsaya a tsakiyar gaba. Na dama ba ya shiga hurumin na hagu. Shi ya sa ƙurajen Baba suka tsaya cak a tsakiyar ƙirji kamar an ja musu layi. Ƙulli ɗaya ne ya kamu, unguwarsa kaɗai ta ƙone. Maganar cewa zai zagayo ya haɗe ya kashe mutum ba ta da tushe, don ciwon ba tafiya yake yi a kan fata ba. Ki gaya wa Baba wannan da bakinki. Na ga dattawan da fargabar haɗewar ta hana su barci fiye da ciwon kansa.

Fuska ma tana da nata babban ƙullin, a cikin ƙoƙon kai, ɗaya dama ɗaya hagu, mai rassa uku: na goshi da ido, na kumatu da leɓen sama, da na muƙamuƙi.

Ƙwayar cutar kuwa bairos ce daga wani dangi da ake kira hapis. Dangin nan su takwas ne ke kama ɗan Adam, kuma halinsu ɗaya: in sun shiga jiki ba sa fita. Biyar suna laɓewa a wasu wurare, yawanci a fararen ƙwayoyin jini. Uku ne suka mai da ƙullin jijiya gidansu: mai kawo ƙurajen zazzaɓi a leɓe, mai kawo ƙuraje a al'aura, da mai kawo ƙarambau.

Lokacin da Baba ya yi ƙarambau yana yaro, kowane ƙurji cike yake da ƙwayoyin cutar. Wasu suka kama bakin jijiyar da ke ƙarƙashin fata. A cikin kowace jijiya akwai hanyar sufuri da ke ɗaukar kaya daga fata zuwa uwar ƙwaya, sai cutar ta hau wannan hanyar har ƙulli. Wasu kuma ta jini suka isa. Da ta kai, sai ta tuɓe rigarta, ta shigar da zaren halittarta cikin cibiyar ƙwayar jijiya, zaren ya naɗe kamar zobe, ya yi shiru. Yaro ya warke, ya tashi, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, zoben na nan.

Masuntan bakin Gongola sun san gaiwa. In fadama ta ƙafe sai ta nutse cikin taɓo ta lulluɓe kanta, ba ci ba motsi, har ƙasa ta tsattsage a kanta. Wanda ya taka wurin zai rantse babu mai rai a ƙasa. Ruwan farko na sauka ta fito. Haka wannan cuta take, sai dai ita raninta yana iya kai shekara sittin.

Ba banza ta zaɓi wannan maɓoya ba. Ƙwayoyin fata mutuwa suke ana sake wasu kullum, wanda ya ɓuya a cikinsu zai zube tare da su. Ƙwayar jijiya kuwa wadda aka haife ki da ita ce za ki tsufa da ita. Sannan garkuwar jiki, da ta saba kashe duk ƙwayar da cuta ta shiga, ba ta gaggawar kashe ƙwayar jijiya, don in ta mutu babu madadinta. Abin da take yi shi ne gadi. Wasu fararen ƙwayoyin jini suna sintiri, duk lokacin da cutar ta ɗaga kai su danne ta. Muddin masu gadin na da ƙarfi, mutum ba zai san yana ɗauke da komai ba.

An daɗe kafin a gano haka. A farkon shekarun 1860 wani likita a Jamus, von Bärensprung, ya binciki gawar wanda ya yi irin ciwon Baba, ya tarar da ƙullin da ke daidai da wurin ƙurajen ya lalace. A 1900 Henry Head da Alfred Campbell a Ingila suka bi irin waɗannan marasa lafiya har suka zana taswirar wane ƙulli ke kula da wane yanki na fata. Amma wanda aikinsa ya fi burge ni likitan wani ƙaramin gari ne a Ingila, Edgar Hope-Simpson. Shekara 16 yana rubuta duk wanda ya zo masa da wannan ciwo, ya tara 192, sannan a 1965 ya bayyana cewa ƙarambau ne ke kwanciya a ƙulli, ya tashi idan garkuwa ta yi sanyi. Ya lura kuma cewa inda ƙarambau ya fi yin yawa, wato gangar jiki da fuska, nan ne ciwon ya fi dawowa. Da ido da littafin rajista ya gano wannan, kayan aikin da kowane asibitin ƙauye a jihar Gombe yake da su.

Abin da ya fi raunana masu gadi shi ne shekaru. Daga 50 zuwa sama ciwon yana ƙaruwa sosai, kuma a ƙididdigar Amurka mutum ɗaya cikin uku zai yi shi a rayuwarsa. Ciwon suga, ciwon daji da magungunansa, da cutar HIV duk suna buɗe masa ƙofa. Idan matashi ɗan shekara 25 ko 30 ya zo mini da shi, ko ya kama yanki fiye da ɗaya, nakan ba shi shawarar gwajin HIV, kuma ba zargi ba ne, sau da yawa wannan ne alamar farko da ke ceton mutum. Akwai kuma abin da ke damuna ƙwarai: ƙwayoyin sha-ka-fashe da 'yan mata ke haɗiya don su yi ƙiba. Da yawansu maganin sitiroyid ne, wanda aikinsa danne garkuwar jiki. Mai shan su wata da watanni tana korar masu gadinta da hannunta.

Da cutar ta farka a jikin Baba, a cikin ƙullin ta fara hayayyafa, ta bazu daga ƙwaya zuwa ƙwaya, ƙullin ya kumbura, wasu ƙwayoyin jijiya suka mutu. Kwana ukun nan da ya yi yana kuka ba a ga komai ba, wutar tana ci ne a ciki. Ƙwaƙwalwa ba ta san ƙulli ba, unguwarsa ta sani, don haka ta ce masa haƙarƙari ne ke ciwo. Shi ya sa ake kuskuren cewa olsa ce, ko ƙoda, ko zuciya, kuma likita ma yana iya ruɗewa kafin ƙuraje su fito. Daga baya cutar ta gangaro ta hanyar da ta hau shekaru sittin da suka wuce, ta ɓullo a fata.

Maganar fitsarin gizo kuwa, na fahimci inda ta samo asali. Akwai wani ɗan ƙwaro mai ja da baƙi da ke zuwa hasken lantarki da damina, in aka murtsuke shi a jiki ruwansa yana ƙona fata a jere. Amma nasa a fata yake farawa, bai san dama da hagu ba, kuma ba ya aiko da ciwon kwana uku kafin ya bayyana.

Ki kwatanta da ƙurajen zazzaɓi na leɓe. Ƙwayar cutar da ke kawo su a ƙullin fuska take kwana, kuma yawancinmu tun muna yara muka ɗauka ta yawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 ne ke ɗauke da ita, kashi 64 cikin ɗari. Idan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mutum, ko rana ta dake shi a gona, ko mace ta kusa al'ada, sai ta motsa a 'yan ƙwayoyi kaɗan, ta gangaro leɓe, ta koma, ba ta yi wa ƙullin wata ɓarna ba. Shi ya sa take dawowa sau da yawa a wuri ɗaya amma ba ta barin raɗaɗi. Mutane kan ce zazzaɓi ne ya fita ta baki. Zazzaɓin dai ya tashe ta ne. Ta ƙarambau kuwa galibi sau ɗaya take tashi a rayuwa, amma in ta tashi sai ta ƙone ɗakin da ta kwana a ciki.

Ta al'aura tana ɓuya a ƙullayen da ke can ƙasan ƙashin baya, don haka wasu kan ji tsira ko ƙaiƙayi a mazaunai ko bayan cinya kafin ƙuraje su fito. Mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 ke da ita a ƙiyasin hukumar. A nan ana jefa ta cikin buhun ciwon sanyi a yi ta shan kafso, alhali maganin bakteriya ba ya taɓa bairos. Ina so ma'aurata su ji wannan: tana iya kwanciya shekaru babu alama, kuma yawancin masu ita ba su san suna da ita ba. Fitowarta yau ba hujja ba ce cewa wani ya ci amana jiya. Na ga gidan da ya girgiza saboda rashin wannan sanin. Mai juna biyu da ta san tana yi ta gaya wa ungozoma ko likita tun a awo, don jariri na iya ɗauka wajen haihuwa. Haka kuma mai ƙurji a leɓe ya haƙura da sumbatar jariri ranar suna. Abin da babba ke ɗauka wasa yana iya hawa ƙwaƙwalwar ɗan kwana bakwai.

Sai zafin da ya rage wa Baba. Fata ta warke domin ita tana sake kanta, jijiya kuwa ba ta wannan saurin. Ƙwayoyin da suka ji rauni suna ta aika saƙon zafi babu abin da ya taɓa su, kamar wayar lantarkin da ta saɓule tana tartsatsi. Laka ma, saboda yawan saƙon, ta koma mai saurin firgita, har taɓawar riga ko iskar fanka take fassarawa wuta. Wani lokaci wurin ya mutu ba ya jin tsinke, amma yana ƙuna. Idan raɗaɗin ya wuce wata uku bayan ƙuraje muna ɗaukarsa ciwo mai zaman kansa, kuma yana samun mutum 10 zuwa 18 cikin ɗari na waɗanda suka yi ciwon, tsofaffi sun fi. Kada wani a gida ya ce Baba raki yake yi tunda ba a ga komai a jikinsa ba. Dattijon da ya shekara hamsin yana huɗa a rana bai san raki ba. Zafin gaskiya ne, kuma yana daga mafi tsanani da muke gani.

Akwai maganin da ke tare wannan dangi, asaikulobiya, wanda aka fi sani da Zovirax. Ya fito ne daga ɗakin binciken wata masaniya a Amurka, Gertrude Elion, wadda ta samu kyautar Nobel a 1988. Dabararsa ita ce ba ya aiki sai cutar da kanta ta kunna shi da wani sinadarin da take yi lokacin hayayyafa. Wannan ne ya sa ba ya cutar da lafiyayyun ƙwayoyi, kuma wannan ne iyakarsa: wadda take barci ba ta yin sinadarin, maganin wuce ta yake yi. Don haka har yau babu maganin da ke share ƙulli. Duk wanda ya ce miki yana da ƙwaya ko jiƙon da zai wanke cutar daga jiki, kuɗinki yake so. Amfanin maganin yana cikin awa 72 na farko bayan fitowar ƙuraje. Babba kan sha miligiram 800 sau biyar a rana har kwana bakwai, da ruwa mai yawa, likita kuma ya rage wa mai ciwon ƙoda. Na shafawa ba ya kaiwa inda wutar take. Abin da ke ci mini rai shi ne kwana ukun nan masu daraja yawanci a shafe-shafe suke ƙarewa, toka, man goge baki, ko man nan mai haɗin uku da ake saya a kemis, wanda sitiroyid ɗin cikinsa ƙara wa cutar fili yake yi.

Ga Baba yanzu lokacin wannan maganin ya wuce, kada ku kashe kuɗi a kansa. Farasitamol ba zai yi wani tasiri ba. Dikilofenak da danginsa ma haka, kuma shan su kullum yana cin ciki da ƙodar tsoho. Abin da ke aiki magungunan da ke kwantar da jijiya ne: amitiriftilin kaɗan da dare, ko gabafentin, ko firigabalin. Ba na sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Ana farawa da kaɗan, ana ƙarawa a hankali, sai an yi makonni ake ganin amfaninsu. Suna sa jiri da barci, amitiriftilin kuma yana iya riƙe wa dattijo fitsari ko ya taɓa bugun zuciya, don haka likita ne zai zaɓa bayan ya duba shi. Ku kai shi babban asibitin da ke kusa da ku, in abin ya gagara a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A auna masa suga. Kada a bar shi ya saba da taramol. Addu'a da tofi ku ci gaba da su, ba sa karo da magani. Abin da nake roƙo shi ne kada wanzami ya yi masa ƙaho ko tsaga a wurin, don yankan jijiyar da ta riga ta ji rauni ƙarin masifa ne. Yawancin masu wannan raɗaɗi suna samun sauƙi a hankali cikin watanni, ko da yake wasu kan haura shekara.

Ba ki tambayi wannan ba, amma ki riƙe shi saboda wani. Idan irin ƙurajen nan suka fito a goshi ko fatar ido, musamman a kan tsinin hanci, a ranar za a nemi likitan ido, don reshen da ke zuwa tsinin hanci shi ne ke zuwa ƙwayar ido, kuma ana makancewa. Kada a ɗiga maganin ido na kemis. Idan kuma a cikin kunne suka fito, baki ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, wani ƙaramin ƙulli ne kusa da kunne ya kamu ya matse jijiyar motsin fuska, abin da wani likita a Amurka, Ramsay Hunt, ya bayyana a 1907. Ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, ba kuma marin iska ba ne, amma tana son magani da gaggawa.

Game da mutanen gida, Baba bai ɗauki wannan a wurin kowa ba, kuma ba wanda zai ɗauki irinsa a wurinsa. Amma lokacin da ƙurajen ke da ruwa, wanda bai taɓa yin ƙarambau ba yana iya kamuwa da ƙarambau daga ruwan, ya bayyana bayan kwana 10 zuwa 21. Mai ciki da jariri da mai raunin garkuwa su ake nesantawa har ƙuraje su yi ɓawo. Yanzu da suka bushe, jikoki su hau cinyarsa babu komai, ta gefen da ba ya ciwo. Akwai allurar rigakafin wannan ciwo mai suna Shingrix, da aka amince da ita a Amurka a 2017, allura biyu ga masu shekara 50 zuwa sama, tana karewa fiye da kashi 90 cikin ɗari. Aikinta ƙara wa masu gadin ƙulli ƙarfi ne. Ba ta cikin alluran rigakafin da gwamnati ke yi kyauta a Najeriya.

Kafin ku samu ganin likita, ki nema masa riga mai laushi ta auduga, mai faɗi. Wasu kuma sun fi jin daɗin a ɗaure wurin da ƙyalle mai santsi ya zauna daram, don gogar tufa ta fi dannawa zafi. Tsumma mai sanyi na ɗan lokaci yana taimaka wa wasu. Ki lura da barcinsa da cin abincinsa, in kin ga ya daina fita masallaci ko majalisa, ya yi shiru da yawa, ki gaya wa likita wannan ma. Idan aka fara maganin, ku koma bayan mako biyu ko da bai ji canji ba, don a lokacin ne ake duba ko za a ƙara masa.